Kafin Mu Karɓi Makullin Mota, Mu Zauna Mu Yi Lissafi



Akwai wata mota da ta kwana biyu a bayan majami'armu, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyinta biyu sun sace. Ta wani ɗan'uwa ce a zumuntarmu, kuma shi da kansa ya ce mu ba da labarinta. Ranar da ya kawo ta aka yi addu'ar keɓewa, mun yi tafi, mun yi hotuna, mun zagaya ta muna yabon Allah. Babbar mota ce mai injin silinda shida. Rabin kuɗin nasa ne, sauran rabin ya ranto daga ƙungiyar adashin wurin aikinsu. Ba a yi wata biyar ba giyabos ya fara gardama, bakanike ya faɗi kuɗin da ya fi albashinsa na wata uku. Yau yana zuwa sujada a Keke Napep, kuma har yanzu ana yanke masa kuɗin bashi kowane ƙarshen wata.

Laifin da muka gani a wannan labari namu ne mu duka. Babu ko ɗaya daga cikinmu da ya ja shi gefe ya tambaye shi yadda zai riƙe ta. Mun yi murna da girman motar, mun bar shi shi kaɗai da nauyinta.

Ra'ayinmu a nan a fili yake. Matashin da albashinsa ko ribar sana'arsa ba ta da yawa, kuma zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, daga gida zuwa aiki, kasuwa, asibiti da coci, ya nemi ƙaramar mota ta hannu wadda zai iya ciyar da ita ba tare da ya ci bashi ba. In kuɗin bai kai ba, ya jira. Babu kunya a ciki.

A Luka 14:28-30 Yesu ya ba da misalin mutumin da ke son gina hasumiya. Ya nuna cewa mai hankali yakan fara zama ya ƙirga abin da ginin zai ci, don kada ya kafa tushe ya kasa gamawa, masu wucewa su yi ta yi masa dariya. Mun san maganar bin Almasihu yake yi a wurin. Amma ya ɗauko misalin ne daga abin da kowa ya yarda da shi: ba a fara abin da ba a lissafa ƙarshensa ba. Almajirin da ya koyi lissafin abin da bin Yesu zai ci masa, bai kamata lissafin fetur ya gagare shi ba.

To, mu yi lissafin. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, har ta haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. A ce kana tafiyar kilomita 30 a rana, kwana 26 a wata. Wannan kilomita 780 ke nan. Ƙaramar motar da ke yin kilomita 10 da lita ɗaya za ta sha lita 78. Babbar da ke yin kilomita 6 za ta sha lita 130. Bambancin lita 52 ne kowane wata. Ko da a naira 900 aka lissafa lita, naira 46,800 ke nan take tafiya a banza, kuma duk motocin biyu wuri ɗaya suke kai ka. Sai a ƙara bakin mai, da taya, da batir, da sabunta takardu, da inshorar dole wadda ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Shi ya sa muke cewa kada a zuba duk abin da aka tara a kan kuɗin saye. A bar wani kaso a gefe, domin kusan kowace motar hannu tana neman gyara a makonnin farko.

Wace iri za a saya? Wadda bakaniken unguwarku ya san cikinta, kuma ake samun kayan gyaranta a kusa. Kafin ka je wurin dillali, fara zuwa Panteka in kana Kaduna, ko Dilimi in kana Jos, ko Ƙofar Ruwa in kana Kano. Tambayi kuɗin fitila, da shokozoba, da famfon mai na motar da ke ranka. Za ka ga dalilin da ya sa irin su Toyota Corolla, Yaris, Honda Civic da Pontiac Vibe suka cika titunanmu. Motar da babu irinta a gari tana da daɗin kallo, amma ranar da ƙaramin abu ya lalace sai an yi aike Legas, kana zaune kana jira.

Ranar dubawa kuma, je da bakanikenka, kada ka dogara da na mai sayarwa. Ku je da safe, ku tayar da injin yana sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Ku kalli hayaƙin salansa: shuɗi alama ce injin yana cin bakin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ku buɗe murfin bakin mai. In kun ga abu kamar madara, ku yi hattara. Ku ɗaga kafet ku sunsuna, ku duba tsatsa da laka, don akwai motocin da ambaliya ta taɓa cinyewa aka wanke aka kawo kasuwa. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Ku gwada lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, da wadda ke cikin takardu, ku tabbata takardun kwastam na gaskiya ne. Motar da aka karya farashinta fiye da hankali, mai ita kuma yana gaggawa, a bar ta. Araha ba ta ado, kuma babu ɗan Allah da yake so a kama shi da motar sata a hannu.

Mun san abin da wasu za su ce: "Ina bangaskiyarku? Allahnmu ba matalauci ba ne." Gaskiya ne, Allah mai yalwa ne, kuma ba mu ce babbar mota zunubi ce ba. Wanda Allah ya buɗa masa, ya hau abin da ƙarfinsa ya kai, mu taya shi murna. Amma ɗaukar bashin da ka san ba ka da hanyar biya, sannan ka ce Allah zai biya, wannan gwada Ubangiji ne. Karin Magana 22:7 ta gargaɗe mu cewa bashi yana mai da mutum bawan wanda ya ba shi rance. Mun ga yadda wannan bauta take. Zakka da baiko su ne ke fara tsayawa. Sai kuɗin makarantar ƙanne, sai abin da ake aika wa Mama a ƙauye. Daga nan ɗan'uwa ya fara zama a bencin baya, yana fita kafin a yi addu'ar sallama, don kada su haɗu da wanda yake binsa kuɗi. Bulus kuwa, a 1 Timoti 5:8, ya ɗora kula da iyali a matsayin abin da bangaskiyar mutum take tsayawa a kai.

Akwai masu hujja mai ƙarfi, kuma mun yarda da su. Wanda hanyar gidansu ta lalace, ko mai iyali da yawa, ko mai ɗaukar kaya daga gona, ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa za ta wahalar da shi. Shi ma lissafi ne ya kai shi ga babba. Abin da muke jin tsoro shi ne zaɓin da idon mutane ya yi mana: abin da za a ce a wurin biki, ko yadda iyayen budurwa za su kalle mu. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, in da babu wanda zai gan mu a cikinta, wace mota za mu saya?

Wata rana kuma mu ne za mu zama masu sayarwa. Karin Magana 11:1 ta nuna Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba. Mayar da lambar kilomita baya, zuba mai mai kauri don a danne ƙarar inji, ɓoye cewa motar ta taɓa yin haɗari, duk awon zamba ne. In mun san ciwon motarmu, mu faɗa, ko da farashi zai sauka. Bai dace mu yi waƙa a ƙungiyar mawaƙa ran Lahadi, ran Litinin mu sayar wa wani wahala ba.

Ga abin da muke roƙon zumuntarmu. A cikinmu akwai kanikawa, akwai direbobi, akwai masu aikin banki. Duk wanda ke shirin sayen mota ya zo mu zauna da takarda da biro tun kafin ya biya ko kwabo. Ɗan'uwanmu mai motar bayan majami'a ya ce shi ne zai fara zama da duk mai so. Kuma ranar da wani ya kawo tsohuwar Starlet da ya saya da guminsa, babu bashin kowa a kanta, mu yi masa tafi da ƙarfi kamar yadda muka yi wa waccan. Ita ma za ta kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, za ta ɗauko tsofaffi zuwa sujada.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka ba mu zuciya mai gamsuwa da abin da ka ba mu. Ka tsare mu daga bashin nuna isa, ka ba mu hikimar lissafi da gaskiya a ciniki. Ka buɗe hanya ga 'yan'uwanmu da bashi ya danne. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.