Kafin A Sayi Sabon Famfon Mai, A Fara Auna Motar

Duk mai tsohuwar mota ya san wannan matsala. Da safe mota ta tashi lafiya ƙalau, a yi ta tafiya babu gargada. Rana na take, an shiga cunkoso, inji ya ɗau zafi, sai ta mutu. A murɗa makulli, kik na juyawa amma ta ƙi kamawa. A tura ta gefe, a jira ta huce, a sake murɗawa, ta tashi kamar ba ita ba. In an je gareji, abin da za a fara ji shi ne, "Alhaji, famfon mai ne." A saya a ɗaura. Kwana biyu ta maimaita, a ce filogi ne, gobe kwayil, jibi a wanke nozul.

Wannan canki-cankar ce ke damuna, domin ba aljihu kaɗai take cutarwa ba. Idan inji ya mutu ana cikin tafiya, sitiyari yana yin tauri, birki kuma in an taka sau ɗaya ko biyu sai ya sandare. A babbar hanya, da iyali a cikin mota da tirela a baya, wannan magana ce ta rai.

Famfon mai yana iya gazawa in ya yi zafi, ban musa ba, amma akwai agogon da ake auna ƙarfin turinsa da shi, kuma aikin 'yan mintoci ne. Sau da yawa mai laifin shi ne sansan karanshaf, ɗan ƙaramin abu da ke gaya wa kwamfutar mota cewa inji yana juyawa da kuma inda fistin ya kai. In ya tsufa, zafi kan sa siririyar wayar da ke naɗe a cikinsa ta daina haɗuwa. Da zarar saƙonsa ya yanke, kwamfuta sai ta tsayar da wutar filogi da feshin mai gaba ɗaya. Ya huce, ya koma aiki. Shi ya sa motar ke tashi bayan an huta.

Abin takaici, motar da kanta tana ajiye bayanin abin da ya same ta. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a kan motocin da ake sayarwa a can, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Ke nan yawancin motocin Kwatano da muke hawa, su Corolla da Accord da Golf, suna da soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari ko kusa da wajen, inda ake jona na'urar bincike ta fito da lamba. P0335 tana nuni ga layin sansan karanshaf, P0340 ga na kamshaf.

Sai dai nan ma akwai wani tarkon, kuma masu na'urar ne ke faɗawa cikinsa. Lambar ba ta ce sansa ya lalace ba, cewa ta yi saƙonsa ba ya isowa yadda ya kamata. Wayar da ta shekara ashirin tana gasuwa a jikin inji tana iya tsagewa. Ɓera na iya cinye ta. Soket na iya tsatsa saboda ruwan da ake fesa wa inji a wajen wanki, ko wayar as ta saki. Haka P0171, wadda ke nufin iska ta fi mai yawa: sai a garzaya a sayo sansan hayaƙi, alhali wani tiyo ne ya tsage yana zuƙar iska, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe sansan iska. Motar da ke mutuwa a silo da zarar an kunna AC kuwa, sau da yawa maƙogwaron iskarta ne ya cika da dauɗa, wanki kawai yake so. Wanda ya karanta lamba ya aika ka sayen kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ba tare da ya ɗora mitar auna lantarki a kan waya ba, bai bambanta da mai canki-canka ba.

Wasu matsalolin ma mu muke jawo su. Mota na shigowa sai a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a kusan digiri 90. In ba ya kaiwa can, kwamfuta na ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara mai, filogi ya yi baƙi, silo ya lalace. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wa ke da man da zai ƙona a banza? Ga kuma masu cire ƙwan fitilar gargaɗi ko su liƙe ta da salatif don kada ta dami mai mota, da masu cire kan batir su goge lambobin kafin kowa ya karanta.

Ba raina makanikanmu nake yi ba. Mutanen da suka riƙe Fijo 504 da kunne da sukurdireba har ta yi shekaru tana aiki sun cancanci girmamawa. Amma mai kafireta daban, mai kwamfuta daban, kuma ya kamata ƙungiyarsu ta NATA ta dage wajen ganin kowane yaron gareji ya iya riƙe mita kafin a yaye shi.

Kai kuma mai mota, kada ka bari a cire kan batir kafin a karanta lamba. Ka sa a rubuta maka ita, ka tambayi abin da aka auna da abin da aka gani. In ta tabbata sansan ne, ka guji jabu, araha ba ta ado, kuma ka karɓi tsohon da aka cire ka tafi da shi.