Mai son tayar da tsohon babur ya fara neman littafinsa kafin ya nemi sifana

A gidaje da dama akwai tsohon babur da aka jingine a zaure ko a lungun tsakar gida, ƙura ta rufe shi, tayoyinsa sun sace. Wani Honda ne, wani Yamaha, wani Suzuki, kuma galibi na mahaifi ne ko na kaka. Yanzu da tsadar fetur ta sa kowa ke lissafin lita, matasa da yawa sun fara kallon irin waɗannan babura da sabon ido, domin ƙaramin inji ba ya shan mai, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai hanyar da aka fi bi wajen tayar da su tana da gyara. Da zarar an tura babur gareji sai a hau kwancewa, a sayo fistin, a sauya kabureta, a yi fenti. Abin da ya kamata ya zo farko, wato littafin gyaran da kamfanin ya rubuta wa wannan samfurin, shi ake mantawa da shi. Alhali a yau wayar da ke aljihu ta isa ta kawo shi, sau da yawa ba tare da an biya ko sisi ba.

Misalin Honda Super Cub

Babu misalin da ya fi dacewa kamar Honda Super Cub. Kamfanin Honda na Japan ya fitar da shi a 1958, kuma a 2017 adadin waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100, abin da babu wani abin hawa mai inji da ya kai shi. Yawancin ƙananan baburan China da ake kira roba-roba daga tsarin injinsa aka kwaikwayo su. Honda kuma ba baƙo ba ne a Najeriya, domin tun 1979 ya kafa kamfaninsa da ke haɗa babura a Ota ta Jihar Ogun.

Wannan yawan shi ne tarkon. Suna ɗaya ne, amma babura iri-iri ne a ƙarƙashinsa. Na farko, C100, tsarin bawul ɗinsa daban yake da na C50, C70 da C90 da suka biyo baya. Ko C90 kansa kala biyu ne: na farko faɗin fistinsa milimita 50 ne, injin kuma 89cc, na baya kuwa faɗin fistin milimita 47 ne, injin 85cc. Na shekarun 1970 batir mai volt 6 suke amfani da shi, a shekarun 1980 aka koma volt 12 tare da akwatin wuta na CDI. Wanda ya je kasuwa ya ce "a ba ni fistin ɗin C90" kawai, yana iya komawa gida da abin da ba zai shiga injinsa ba. Wanda ya ɗaura ƙwan fitila mai volt 6 a babur mai volt 12, ƙwan ba zai kwana ba.

Don haka aikin farko shi ne a goge datti a karanta lambobi biyu: lambar da aka buga a jikin firem da wadda ke ƙasan injin ta ɓangaren hagu. A Honda lambar injin takan fara da sunan samfurin, kamar C70E. A duba su duka biyun, domin babur mai shekara arba'in zai yi wuya a ce ba a taɓa sauya masa inji ba. Idan firem na wata shekara ne injin kuma na wata, to littafi biyu ake buƙata.

Littafi uku ne, ba ɗaya ba

Mutane kan ce "manuwal" kamar abu guda ne, alhali kowane babur yana da takardu uku masu aiki daban-daban.

Na farko shi ne ɗan littafin mai babur, wanda ake bayarwa ranar saye. Yana faɗin irin baƙin man da za a zuba, yawansa, iskar taya da lokacin sabis. Yana da amfani, amma ba zai koya wa kowa buɗe inji ba.

Na biyu shi ne littafin gareji, wanda kamfani ya rubuta don makanikan dillalansa. A nan ake samun awon kowane abu: tazarar bawul, iyakar cinyewar fistin kafin a ce ya mutu, ƙarfin da za a ɗaure kowane noti, da zanen wayoyin lantarki. Kamfanoni masu zaman kansu irin su Haynes na Ingila da Clymer na Amurka su ma sun wallafa nasu. Haynes yana da littafi guda da ya haɗa C50, C70 da C90, cike da hotuna, kuma ya fi sauƙin bi ga wanda ba makanike ba.

Na uku shi ne kundin kayan gyara, mai zanen kowane sashe a warwatse, kowane wosha da kowace kusa da lambarta. Shi aka fi rainawa, shi kuma ya fi ceton kuɗi. Lambar kayan Honda kashi uku ce, kuma kashin tsakiya yana nuna samfurin da aka fara ƙera kayan dominsa. Da zarar mutum ya ga lamba ɗaya ta bayyana a kundin samfura biyu, ya san kayan wancan zai shiga wannan. Da wannan sanin ne zai shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko ya yi saƙo Nnewi, yana nuna hoto da lamba a waya maimakon kwatance da hannu.

Inda ake samun su

Rumbun Internet Archive, wanda aka kafa a 1996, yana ɗauke da tsofaffin littattafan gyara masu yawa da mutane suka ɗauki hotonsu suka ɗora. Shafin ManualsLib ma yana da tarin su. Don zanen kayan gyara kuwa, shafin CMSNL na wani kamfani a ƙasar Holan yana nuna na tsofaffin baburan Japan kyauta, ko da mutum ba zai sayi komai ba.

Yadda ake bincike ma yana da tasiri. Rubuta "gyaran babur Honda" a Google ba zai kawo komai ba. Abin da ke aiki shi ne cikakken sunan samfuri da kalmomin da aka rubuta a bangon littafin, misali Honda C70 shop manual ko Honda C70 parts list, a ƙara filetype:pdf a ƙarshe don a tace sakamakon. Idan littafin da aka samu da Japananci ko Faransanci yake, manhajar Google Lens tana fassara rubutu daga hoto, kuma Google Translate yana da Hausa tun 2013. Fassarar na'ura takan yi tuntuɓe a kalmomin kanikanci, amma lambobi ba sa buƙatar tafinta.

A kula da shafukan damfara. Duk shafin da ya ce sai an saka lambar katin banki kafin a sauke littafin "kyauta", ko ya turo fayil mai ƙarewa da .apk ko .exe a madadin PDF, a gudu daga gare shi. Littafi ba manhaja ba ne, babu dalilin da zai nemi izinin shiga saƙonnin waya. Idan an samu na gaskiya, a ajiye kwafi a waya da wani a Google Drive, sannan a buga shafukan da ake aiki da su a takarda, domin hannu mai baƙin mai da fuskar waya ba sa shiri.

"Ai makanikanmu da kunne suke gyara"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma tana da ƙarfi. Akwai makanikan da ba su taɓa buɗe littafin gyara ba, amma daga jin ƙarar inji za su faɗi abin da ke damunsa. Su ne suka riƙe baburan ƙasar nan a kan titi shekara da shekaru, kuma babu PDF ɗin da zai maye gurbin hannun da ya buɗe inji dubu.

Amma sa babur ya tashi yau daban, mayar da shi yadda kamfani ya ƙera shi daban. Tazarar bawul ɗin C70 milimita 0.05 ce idan injin ya huce, kusan kaurin silin gashi. Kunne ba ya auna wannan. Idan ta yi yawa injin zai riƙa ƙara ƙarfinsa ya ragu, idan ta yi kaɗan bawul ba zai rufe sosai ba, zafi ya ƙone shi. Jikin injin kuma alminiyom ne, noti ɗaya da aka matse fiye da kima ya isa ya cinye zaren ramin, a shiga garin gyaran gira a rasa ido.

Akwai kuma abubuwan da gogewa a kan baburan yau ba ta koyarwa. Launin waya misali ne: a Honda koriyar waya ce ta ƙasa, a Yamaha baƙa ce, a Suzuki baƙa mai ratsin fari. Yaron gareji da ya saba da wani kamfani zai iya haɗa waya a inda ba nan ba, ya ƙona abin da ba a samunsa a kasuwa. Tsohon Super Cub ba shi da matatar mai ta takarda. Ƙaramar raga ce da wata matata mai juyawa a jikin kuloci, kuma wanda bai san da su ba ba zai taɓa wanke su ba. Kulocin nasa cikin baƙin mai yake aiki, shi ya sa wasu mayukan mota masu sinadarin rage gogayya ke sa shi santsi, kuma shi ya sa ake neman alamar JASO MA a jikin galan. Hatta kusoshin tsofaffin baburan Japan masu kan gicciye an yi su ne bisa ma'aunin JIS, kuma sukudireban Phillips da aka saba da shi yakan zame ya lalata kansu.

Saboda haka ba zaɓi ne tsakanin makanike da littafi ba. Makanike nagari da littafi a gefensa ya fi kowanne shi kaɗai. Mai babur da ya kai wa makanikensa shafin awo a buge bai raina shi ba, kayan aiki ya ƙara masa.

YouTube da basirar na'ura ba littafi ba ne

Wasu za su ce me ya sa za a wahala da shafi ɗari biyu na Turanci alhali akwai bidiyo. Bidiyo yana da kyau wajen nuna yadda ake riƙe abu da yadda ake zare shi. Matsalar ita ce babur ɗin da ke cikin bidiyon ba lalle ne shekararsa da kasuwarsa su zo ɗaya da wanda ke zaure ba, kuma mai bidiyon ba kullum yake faɗa ba.

Manhajojin hira irin su ChatGPT da Gemini sun fi haɗari ta wannan fuska, domin suna ba da amsa da cikakken tabbaci ko da sun haɗa lambar wani samfuri da ta wani. Suna da amfani wajen bayyana ma'anar kalma, ko mayar da tsohon awo zuwa sabo, kamar sanin cewa kilogiram-mita 1 ya yi kusan niyuton-mita 9.8, ko inci 0.002 shi ne milimita 0.05. Amma duk lambar da za a ɗaura noti da ita, daga littafin kamfani ya kamata ta fito. Ko a littafin ma a buɗe ido: hoton shafi da ya dushe yana iya mayar da 0.05 ya zama kamar 0.5, bambancin ninki goma. Idan lamba ta yi kama da shakku, a gwada ta da wani kwafin.

Nauyin da ke kan kamfanoni da masu sha'awa

Littattafan nan suna da haƙƙin mallaka, kuma wanda har yanzu ake bugawa, kamar na Haynes, sayensa ya fi dacewa ga mai hali. Amma littafin gareji na babur da aka daina ƙerawa shekara talatin ko arba'in da suka wuce ba ya kawo wa kamfani wata riba a ɓoye. Ya kamata masu ƙera babura su ɗora irin waɗannan a shafukansu kyauta. Tarayyar Turai ta riga ta nuna hanya da dokarta mai lamba 168/2013, wadda ta wajabta wa kamfanonin babura ba makanikai masu zaman kansu damar samun bayanan gyara. Ƙasashen da babur ne ƙafar talaka sun fi Turai buƙatar irin wannan doka, musamman ga baburan China da Indiya da ake shigowa da su, waɗanda da wuya mai saye ya ga littafin garejinsu.

Kafin hakan ta samu, akwai aikin da ba ya jiran gwamnati. Tsofaffin dillalai da garejoji suna da littattafai a akwatuna, gara da danshi na cinye su. Manhajar ɗaukar takardu irin Adobe Scan ko wadda ke cikin Google Drive ta isa ta mayar da littafi guda PDF a yini ɗaya. Kungiyoyin makanikai da kwalejojin fasaha kuma za su iya fitar da takarda shafi ɗaya da Hausa ga kowane samfuri da ya yawaita: tazarar bawul, lambar fulogi da tazararsa, yawan baƙin mai, launin wayoyi. Irin wannan takarda idan ta shiga zaurukan WhatsApp na makanikai, amfaninta zai wuce masu tayar da tsofaffin babura ya kai ga yaran da ke koyon sana'a.

Ƙarfe yana jure shekaru a zaure, kuma kayan gyaran Super Cub har yanzu ana ƙera su. Abin da ke saurin ɓacewa shi ne sanin yadda aka haɗa shi tun farko, domin dattawan da suka yi aiki a kansa suna ƙarewa, takardun kuma suna ruɓewa. Duk wanda ke da irin wannan babur, ya fara da goge lambar injin, ya sauke littafin da ya dace da ita, ya karanta, sannan ya kira makanike.