Ko Ya Kamata Na'ura Ta San Tsoro?

Sau da yawa nakan ji ana cewa kwamfuta ta fi mutum iya tsara aiki domin ba ta fushi, ba ta tsoro. Ni dai ban yarda ba. I, na'urar Deep Blue ta ka da Garry Kasparov a darar Turawa a 1997, amma ai dara tana da iyaka, zaman duniya kuwa ba shi da ita.

Wani likita a Amurka, Antonio Damasio, ya ba da labarin wani majiyyaci a littafinsa na 1994. Mutumin ya sami rauni a ƙwaƙwalwa ta wajen goshi. Lissafinsa daidai, amma kome ya daina taɓa zuciyarsa. Aka ce ya zaɓi ɗaya cikin ranaku biyu na dawowa asibiti, sai ya share kusan rabin sa'a yana auna wannan da waccan. Babu abin da ke ce masa, "Ya isa haka!"

Tun 1967 masani Herbert Simon ya ce amfanin irin su tsoro shi ne su katse wa mutum aiki ya fuskanci abin gaggawa. Motar da ke tuƙa kanta, idan yaro ya faɗo titi, tilas ta watsar da shirin isa da wuri nan take. Irin wannan tsoro a gina mata shi.

Abin da nake ƙi shi ne na'ura ta ce mini, "Na tausaya maka," alhali kalmomi kawai aka koya mata. Ƙanena har ya fara tambayar ta cikin wayar Baba ko ta kwana lafiya.