Wanda ya gama kaso ya gama biya

Ana cewa hali zanen dutse ne. Akwai wani littafi na ƙasar Faransa da ya yi gardama da wannan karin magana, kuma gardamar tasa tana da ƙarfi. Sunansa Les Misérables, wato matsiyata, Victor Hugo ne ya wallafa shi a shekara ta 1862.

Jean Valjean talaka ne mai aikin sassabe itatuwa, yana ciyar da ƴar'uwarsa da ƴaƴanta bakwai. A lokacin ɗari na 1795 aiki ya yanke, yunwa ta shiga gida, sai ya fasa tagar mai burodi ya ɗauki guda. Alƙali ya yanke masa shekara 5. Sau huɗu yana ƙoƙarin gudu, ana ƙara masa, har ya cika shekara 19 a gidan kason Toulon.

A can ne ya koyi karatu da rubutu da lissafi, yana da shekara 40. To amma karatun bai sanyaya masa zuciya ba, sai ma ya ƙara masa wayon ƙin mutane, domin ba wanda ya taɓa nuna masa wani abu in ban da bulala da sarƙa. Ilimi makami ne, abin da ke cikin zuciya shi ke juya shi.

Da aka sallame shi a 1815, an ba shi takarda rawaya mai shaida cewa shi tsohon ɗan kaso ne. A garin Digne masu masauki suka kore shi, ko da yake yana da kuɗin biya. Ba wanda ya tambayi abin da ya sata, ko dalilin satar. Takarda kawai suka gani.

Mutum ɗaya ya buɗe masa ƙofa: Myriel, babban limamin Kiristocin garin. Ya zaunar da shi, suka ci tare, ya ba shi shimfiɗa. Cikin dare baƙon ya kwashe cokulan azurfa ya gudu. Da jandarmomi suka komo da shi, limamin ya ce kyauta ce ya yi masa, ya kuma ƙara masa da mazaunin kyandir biyu na azurfa.

Masu tsoro za su ce: ai ga shi nan, an amince da ɓarawo ya yi sata. Gaskiya ne, kuma marubucin bai ɓoye ba. Har a ranar Valjean ya ƙwace tamma biyu daga hannun wani yaro. Amma bayan wannan ne ya fashe da kuka, karo na farko cikin shekara 19, domin yanzu ya sami abin da zai auna kansa da shi. Gyaran mutum yana da tsada, wani ne ke fara biya.

Abin da ya biyo baya ya isa shaida. Ya kafa ma'aikata a Montreuil-sur-Mer, ɗaruruwan mutane suka sami abinci, har aka naɗa shi magajin gari. Sai dai da sunan aro ya yi haka, Madeleine, don da sunansa na gaskiya ba mai ba shi ko tsintsiya. Da aka kama wani bawan Allah ana zaton shi ne Valjean, ya je kotun Arras da ƙafarsa ya tona kansa, ya rasa sarauta. A 1832 ɗan sanda Javert, wanda ya daɗe yana farautarsa, ya faɗo hannunsa, ya sake shi da rai.

Javert ma'aikaci ne mai gaskiya, ba ya cin hanci. Kuskurensa ɗaya: ya ɗauka abin da ke rubuce a takarda shi ne mutum har abada. Da ya ga ba haka ba ne, ya kasa ɗauka, ya faɗa kogin Seine.

Darasin yana gaban duk mai riƙe da hatimi, da duk mai ɗaukar ma'aikata, da mai unguwa. Shari'a tana yanke wa'adi, in ya cika an biya. Wanda ya fito aka hana shi aiki da wurin kwana, an yanke masa hukunci na biyu ba tare da alƙali ba, kuma hanya ɗaya aka bar masa, ita ce wadda ta kai shi kaso tun farko. A koya masa karatu yana ciki, a buɗe masa ƙofa in ya fito. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.