Eriya Ta Fi Na'urar Ƙara Ƙarfi

Akwai mutanen da ke da lasin yin magana da juna ta rediyo don sha'awa kawai. Lambar kiran na Nijeriya da 5N take farawa, ta Nijar da 5U. Da yake ba su da yawa, in ɗayansu ya yi kira a kan mita 20, sai Turawa da Amurkawa su taso masa gaba ɗaya, sai ka ce kasuwar Kurmi. To, me ya kamata ya fara saya?

Wasu kan ce na'urar ƙara ƙarfi. Ni dai ban yarda ba. Wanda ya tashi daga wat 100 zuwa 400, kaɗan muryarsa za ta ƙaru a can, ga shan lantarki, kuma bai ƙara jin kowa ba. Ita kuwa eriya aiki biyu take yi, watau ta kai magana ta kuma kawo. Wayar tagulla mai tsawon mita 10, a haɗa ta da rediyon daga tsakiya, a ɗaga ta sama sosai, ta wadatar.

Daga nan sai abin saƙalawa a kunne, da rariyar sauti mai tace hayaniyar tashoshin gefe, har ya tsinci murya ɗaya ya amsa mata.