Ƙa'idojin Duba Masu Tari Su Iso Asibitin Ƙauye

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi kira ga hukumomin lafiya na Jihar Kano da na tarayya.

Jama'a ba su manta da shekarar 2020 ba. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Kano, kafin wata ya ƙare sai ga masu haƙar kabari suna cewa aiki ya fi ƙarfinsu. Ranar 27 ga wata Shugaba Buhari ya sa aka kulle Kano, ga azumi a baki. Daga baya Ministan Lafiya na wancan lokaci, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da cutar. Allah ya jiƙansu.

To, a lokacin hukumar NCDC ta fitar wa likitoci ƙa'idoji, kuma masu kyau ne. An ce a tambayi mai zazzaɓi da tari tun daga bakin ƙofa, a ba shi takunkumi, a ware shi daga sauran marasa lafiya, ma'aikaci ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu, a ɗauki samfur a aika gwaji. Amma Edita, wa aka rubuta wa? An rubuta wa mai asibiti da ɗakuna da ruwan famfo, kuma da Turanci.

Mu nan Garun Malam da Kura da Bunkure, wanda numfashi ya sarƙe masa ba likita yake fara gani ba. Mai kemis yake fara gani, sai ma'aikacin ɗakin shan magani, wanda sau da yawa shi ne mai kati, shi ne mai allura. Kowane zazzaɓi a wurinmu maleriya ne ko taifot. Sai a haɗa wa mutum kafso ya tafi gida, alhali masana sun ce irin wannan magani ba ya kashe ƙwayar bairos. Kuɗi sun tafi, cuta kuma ta bi shi cikin iyali.

Kada wani ya ce ƙauye na nesa da annoba. A je Kwanar Gafan lokacin tumatir a ga motocin da ke lodi zuwa Legas da sauran garuruwan kudu, a ga 'yan ci-rani da ke kwana cunkushe a rumfa ɗaya. Duk abin da ya shiga birni, direba zai kawo mana shi cikin kwana biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a watan Mayu na 2023, amma ba a ce wata sabuwa ba za ta ɓullo ba. Roƙona shi ne tun yanzu da ake zaune lafiya a fassara ƙa'idojin nan da Hausa a takarda guda, har da ajami, a manna a kowane asibitin sha-ka-tafi da kowane kemis. A koya wa masu kemis alamun da idan sun gani za su tura mutum babban asibiti ba tare da jinkiri ba. A ba ma'aikatanmu takunkumi da safar hannu da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa a auna iskar jini, tare da lambar wayar da idan an kira za a ɗauka.



Naku,
Wani manomi,
Garun Malam, Jihar Kano.