Likita Mila da Uzurin da Ya Tsufa

Duk sa'ad da aka tayar da zancen koma-bayan ilimin zamani a Arewa, ko a zaurukan Gwandu ne ko a harabar Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, hujjoji biyu ake maimaitawa. Wasu su ce sarakuna ne suka toshe wa 'yan mishan hanya, shi ya sa Kudu ta yi wa Arewa fintinkau. Wasu kuma su ce ai boko tun asali tarkon mishan ne, saboda haka gudun da kakanni suka yi masa hikima ce. Ɓangarorin biyu sukan kafa shaida da mutum ɗaya, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Amma wanda ya bi tarihinsa a tsanake zai ga bai wanke ko ɗaya daga cikinsu ba.

An haifi Mila a Ingila a 1872, ya karanci aikin likita, ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya tako ƙasar Hausa sai da ya zauna a Tarabulus ya koyi harshen a bakin fatake da alhazai. A 1900 ya iso Kano cikin ayarin Bishop Tugwell, Sarki Aliyu Babba ya ba su 'yan kwanaki su tattara su bar garin. Suka koma Girku, daga bisani Mila ya sami zama a cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe wurin shan magani da 'yar makaranta. Shi ne jigon fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932. Ya mutu a 1952, bayan ya shafe kimanin shekara 50 a Arewa.

Masu ɗaukarsa waliyyin ilimi su tuna cewa manufarsa a fili take: mayar da Musulmi Kirista, da raunana sarautar da Jihadi ya kafa. Ƙorafe-ƙorafen da ya dinga kai wa Turawan mulki na cikin abin da ya kai ga tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, aka kai shi Lokoja. Uban da ya hana ɗansa zuwa makarantar mutum irin wannan bai yi wauta ba. Ya san abin da ake nema a wurinsa.

Masu ɗaukarsa shaiɗan kuma su dubi abin da ɗan ƙaramin aikin nan ya haifar. Duk da shekarun da ya ɓata, waɗanda suka bi addininsa a birnin Zariya ƙalilan ne. Amma daga makarantarsa, da ta Wusasa inda mishan ta koma a 1929, aka sami Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. Aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da John Tafida, abokin rubutun Jiki Magayi. A Wusasa ɗin ne Yakubu Gowon ya tashi. Wannan ƙaramar unguwa ta nuna cewa yaron Arewa, in ya sami malami da littafi, ba ya kasa kowa.

To, wa ya hana sauran yaran? A nan ne hujjojin biyu suke kauce wa mai laifi. Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, shekarar da Gwandu ma ta shiga hannun Turawa, Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Alkawarin ya yi kyau, sai dai gwamnatin da ta taƙaita shigar mishan ba ta maye gurbinsu da makarantun da suka wadata ba, alhali haraji ba ya fashi. Makarantar da Ɗan Hausa, Hanns Vischer, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 'ya'yan sarakuna da malamai ta fi nufa. Kwalejin Katsina sai a 1922 aka buɗe ta, shekara 63 bayan makarantar sakandaren CMS ta Legas. An bar talaka da zaɓi mai ɗaci, ko imaninsa ko karatun ɗansa, kuma rowar gwamnati ce ta haifar da zaɓin.

Ƙasar Gwandu kuwa ita ce ta fi ƙarancin dalilin fakewa da tsoron ilimi. A can Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, mai tafsirin Diya'ut Ta'wili da littattafai masu yawa kan shari'a, nahawu da siyasar mulki. 'Yar ɗan'uwansa, Nana Asma'u, ta tsara 'yan taru, jajis suna kai karatu ga matan ƙauye tun kafin a haifi Mila. Wanda ya gaji wannan gida ya ce karatu baƙon abu ne, ya ci amanar masu gidan.

Yau babu Lugard, babu Mila. Jihar Kebbi tana cin gashin kanta tun 1991. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 na karatu kyauta ga kowane yaro, jami'ar da aka kafa a 2013 kuma tana zaune a Kalgo. Duk da haka Kebbi na cikin jihohin da ake ambata a sahun gaba idan ana lissafin yaran da ba sa zuwa makaranta, kuma a ƙauyuka da dama ajin firamare rufinsa ya yaye, malami ɗaya na fama da azuzuwa uku. Malaman makarantun Musulmi ne, gwamna da ciyaman ma haka. Tarkon wa ake gudu ke nan?

Abin da ya rage a ɗauka daga Mila shi ne nacinsa. Baƙo ya koyi harshen mutane har ya iya shi kamar jakin Kano, ya zauna da yara 'yan kaɗan shekara da shekaru saboda abin da ya yi imani da shi. Likitoci, lauyoyi da injiniyoyin da suka fito daga Gwandu da Kalgo sun fi shi yawa, sun fi shi kuɗi, sun fi shi haƙƙi a kan yaran. Kowannensu ya san sunan firamaren da ya yi, ya kuma san hanyar zuwa can. Ranar da za su fara zama a kwamitocin kula da makarantun nan, su tambayi ciyaman inda kuɗin gyara ya shiga, ranar ce za a daina jingina gazawar 'ya'yan gida a kan kabarin baƙo.